Amsar Kawu kan kundin gida da ya ƙi buɗewa

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun bayan La'asar, da farko dariya na yi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai fayil ɗin Access, manhajar nan ta ajiye bayanai a kwamfuta, da ka zuba kundin gidanmu a ciki, sunayen zuri'a da gonaki da lissafin asusun zumunci, ya ƙi buɗewa tun ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar shigar da kuɗin wata, sai ce maka yake bai gane irin fayil ɗin ba. Kuma tambayarka ita ce wai dole ne sai ka sanar da manya kafin ka taɓa shi kamar yadda ake yi da kundin takarda, ko ka lallaɓa ka gyara abinka shiru tunda na kwamfuta ne. Kai yaran yanzu! Ashe kunyar faɗa ta fi damunka a kan lalacewar.

Ka tuna mini da daminar 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, lokacin ina saurayi muna tsohon gidanmu na cikin birnin Zariya, ba nisa da Babban Dodo. Marka ta zauna kwana da kwanaki, azarar ɗakin kakanka ta fara yoyo daidai saitin alkukin da yake ajiye gafakarsa, ba wanda ya lura sai da safe. Kundin nan da ajami aka rubuta shi, da tawadar gida ta gawayi da ƙaro, irin wadda ake wanke allo da ita a sha, to ka san abin da ruwa zai mata. Takardu suka manne da juna kamar an dama su. Ƙanen mahaifiyarka, Allah ya jiƙansa, shi ya fara gani, don tsoron faɗa ya ɗauka ya shige bayan rumbu yana ɓamɓare su da farce, kafin a ankara ya yage guda uku. Har yau ina ganin fuskar Baba lokacin da ya leƙo. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, ajiye, garin neman gira za ka rasa ido.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka aika ni da keke Tudun Wada in kira Baffa ya zo da nasa kwafin, don tun zamanin kakanninmu kundin gida biyu yake, ba ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Baba ya hana a kai takardun rana, a inuwa suka sha iska. Ni aka ba alƙalami. Duk shafin da ke sama sai na kwafe abin da ido ke iya gani a sabuwar takarda, Baffa ya duba da nasa, sannan Baba ya sa bakin aska a hankali ya ɗaga shi a ga na ƙasa. Kwana huɗu muna wannan aiki, bayana kamar zai karye. Da muka zo kan shafukan da aka yage, kwafin Baffa bai kai nan ba, ya tsufa da wasu shekaru, iyakar gonar fadama ce kuma a ciki. Sai aka kira Goggo, ta tsaya daga bayan asabari ta lissafo iyakar da ka, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya zuwa suri, mutum biyar suna shaida aka rubuta. Baba ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakin gado ba na mutum ɗaya ba ne.

To naka fayil ɗin, cire hannunka tukuna. Kafin komai rufe Access ka kwafe fayil ɗin gida biyu ko uku, ɗaya a filas, asalin kuma ka bar shi yadda yake, duk gwajin da za ka yi a kan kwafi. Ka duba kusa da shi ko akwai wani ɗan ƙarami mai suna iri ɗaya da ya ƙare da laccdb, ko ldb in fayil ɗin tsohon nau'i ne mai ƙarewa da mdb, shi ne makullin da ke nuna wani na ciki, ɗauke wuta kan bar shi a nan, in ka tabbata ba wanda ya buɗe ka goge shi. Sannan ka buɗe Access shi kaɗai, ka nemi maɓallin matsewa da gyarawa ka nuna masa kwafin. Sau da yawa nan ake warkewa, amma ka sani yakan zubar da layukan da suka lalace, sai ka ƙirga ka gani ko sun cika. In ya ƙi, ƙirƙiri sabon fayil fanko ka riƙa janyo teburan ɗaya bayan ɗaya, yadda muka yi a zaure, wanda ya ƙi zuwa shi ne mai ciwon. Excel ma yakan iya janyo teburi daga fayil ɗin. In kuma ka zuba hotunan biki a ciki to duba nauyinsa, Access ba ya wuce giga 2. Waɗannan manhajojin gyara na intanet da ke neman ka tura musu fayil, ban yarda sirrin gadonmu ya fita waje ba, kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ya fi ci mini rai, da na tambayi yayarka ko tana da kwafi ta ce ba ka taɓa ba kowa ba. Mu da muka yi aikin akawu da tsohuwar manhajar dBASE a kan faifan da bai fi mega ɗaya da 'yan kai ba, kowace Juma'a sai mun kwafe mun kai wani ɗaki. Ku kuna da filas kuna da intanet, amma amanar gida guda tana kwana a laftof ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka Baba ke cewa.

Zancen sanar da manya kuwa, ai ga shi ka sanar da ɗaya. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci da laftof ɗin da tsohon littafin rasit na asusu, ka biya Gyallesu ka ɗauko yayarka, ita ce ke riƙe da sunayen jikoki a ka. Sauran maganar sai mun zauna.