Na gaji da ƙoƙarin zama marar kuskure, shin Allah yana fushi da ni?

Tambaya: Fasto, barka da aikin Ubangiji. Ni malamar makarantar Lahadi ce ta yara. Sau uku ke nan ina fara karanta Littafi Mai Tsarki daga Farawa da niyyar gamawa cikin shekara, amma da na tsallake kwana biyu sai in ji duk ya ɓaci, in koma farko. Idan na koyar da yara, da dare nakan kasa barci ina tuna kalmar da na faɗa ba daidai ba. Yesu ya ce mu zama cikakku, ni kuwa na kasa. Yaya zan dogara ga Allah ba tare da na zama mai sakaci ba?

Amsa: 'Yar'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma ina so ki sani tun da fari cewa gajiyar da kike ji ba alamar fushin Allah ba ce. Bari mu fara da ayar da ta tsaya miki a rai, wato Matiyu 5:48, domin yawancin masu irin damuwarki sun ɗauke ta ita kaɗai, sun raba ta da maganar da ta gabace ta. Kalmar Helenanci da aka fassara da "cikakku" ita ce teleios, kuma tana nufin abin da ya kai ga manufarsa, ya balaga, ya nuna kamar 'ya'yan itace. A ayoyin da ke sama da ita Yesu yana magana ne a kan ƙaunar maƙiya, yana cewa Uba yana fito da ranarsa a kan miyagu da nagari, yana kuma aiko da ruwan sama ga masu adalci da marasa adalci. Cikar da ake kiranmu gare ta ita ce ƙauna wadda ba ta tsaya rabin hanya ba. Luka ma da ya rubuta wannan koyarwa, a 6:36, da kalmar jinƙai ya rufe ta. Saboda haka ayar ba ta auna yawan kwanakin da kika tsallake a karatu ba. Tana tambayar ko zuciyarki tana faɗaɗa ga mutanen da ba su cancanta ba, har da ke kanki.

Manzo Bulus ya taimake mu sosai a nan. A Filibiyawa 3:12 ya faɗa a fili cewa bai riga ya zama cikakke ba, yana dai nacewa gaba, sa'an nan a aya ta 15 ya lasafta kansa cikin cikakku, da kalma mai tushe ɗaya. Babu saɓani a maganarsa, gama balagagge cikin bangaskiya shi ne wanda ya san bai iso ba tukuna, bai kuma bar wannan sanin ya durƙusar da shi ba. Ibraniyawa 10:14 ta haɗa gaskiyar biyu a jimla guda: ta hadaya ɗaya Almasihu ya kammala har abada waɗanda ake tsarkakewa. Matsayinki a gaban Allah an riga an kammala shi a kan gicciye, tsarkakewarki kuwa aiki ne da ke tafiya, kuma Filibiyawa 1:6 ta ce wanda ya fara shi ne zai kai shi ƙarshe.

A ganina, abin da ke ƙarƙashin neman kamala irin wannan tsoro ne da ya sa rigar tsarki, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Ki duba bawan nan na misalin talanti a Matiyu 25. Bai sace kuɗin maigidansa ba, bai kuma ɓarnatar da su ba. Ya ce ya ji tsoro, sai ya haƙa rami ya binne, domin ya ɗauki maigidan a matsayin mutum mai tsanani. Komawa Farawa duk lokacin da kika yi tuntuɓe yana kama da wannan, domin burin ya zama takarda marar tabo, kalmar Allah kuwa tana nan a gaba ba ki kai gare ta ba. Raina ya ɓaci da na lissafa cewa sau uku kin karanta labarin Adamu yana ɓuya cikin itatuwan gona, mai yiwuwa kuwa ba ki iso Zabura 103 ba, inda aka ce Ubangiji ya san yadda aka yi mu, yana tuna cewa mu ƙura ne.

Ba ke kaɗai kika bi wannan hanya ba. Martin Luta, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikilisiya, ya shiga gidan sufaye a birnin Erfurt na Jamus a shekarar 1505, yana azumi yana furta zunubansa na tsawon sa'o'i, duk da haka lamirinsa bai kwanta ba. Mai ba shi shawara, Staupitz, ya riƙa juya idonsa daga binciken kansa zuwa ga raunukan Almasihu, daga baya kuma Romawa 1:17 ta buɗe masa cewa adalcin Allah kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya. Bayan haka bai zama malalaci ba, ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga shi a 1522.

Wannan ya amsa tsoronki game da sakaci. Mai sakaci ba ya kwana yana tunanin yaran da ya koyar. Abin da za ki lura da shi shi ne inda kike nufa bayan kin yi kuskure. Idan Ruhu Mai Tsarki ne yake nuna miki laifi, zai nuna takamaiman abu, ki furta shi bisa ga 1 Yahaya 1:9, ki gyara abin da ke gyaruwa, magana ta ƙare. Muryar da ke cewa kin kasa gaba ɗaya, ba tare da ta nuna abin tuba ba, ba ta Makiyayi ba ce. Ki kuma raba zunubi da iyakar ɗan adam, gama tuntuɓen harshe a gaban yara ko barcin da ya ɗauke ki bayan wahalar yini ba abin neman gafara ba ne.

Idan rashin barcin ya daɗe, ko tunanin laifi yana dawowa yana tilasta miki maimaita addu'a ɗaya har sai kin ji ta fita daidai, ina roƙonki ki gaya wa wata dattijuwa amintacciya a ikilisiya, ki kuma ga likita, domin irin wannan damuwa tana da magani, neman taimako kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Game da karatun kuwa, kada ki sake komawa Farawa. Ki buɗe daidai inda kika tsaya, ko da kwanan watan da ke kan tsarin karatun ya wuce da makonni, ki karanta sura ɗaya a daren nan, ki ambaci yaran ajinki ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah, sa'an nan ki kashe fitila ki kwanta.