Amsa kan tambayar Oshiomhole da ƙungiyar ƙwadago

Wa alaikumus salam. Ɗana ka tambaya wai Adams Oshiomhole ya taɓa tsinana wa ma'aikata wani abu lokacin da yake shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC, ko dai baki ne kawai. To ni malamin firamare ne da na yi ritaya, a wani ƙauye nan gefen Ringim na yi aikina, kuma yayana Allah ya jiƙansa ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri ta Kaduna, inda shi Oshiomholen ya taso daga Arewa Textiles har ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, don haka tun kafin 1999 da ya hau NLC sunansa yake yawo a gidanmu.

Wallahi ba baki ba ne kawai. A Yunin 2000 Obasanjo ya ɗaga litar fetur daga naira 20 zuwa 30, aka kira yajin aiki ƙasa ta tsaya cik, sai da aka dawo 22. Ku yaran yanzu za ku ga kamar ba komai, amma mu da muke hawa ɗan acaɓa ko a-kori-kura zuwa sakatariya karɓar albashi mun san me naira 8 take nufi, ranar kasuwa hatta kuɗin ɗaukar buhun gero sai ya motsa. Ina tuna mu huɗu a gindin darbejiyar makaranta da rediyo ɗaya muna jiran labaran BBC na rana, ajin ma a rufe yake. A shekarar ce kuma aka sa mafi ƙarancin albashi naira 5,500 a jihohi, 7,500 a tarayya.

Amma fa ga inda ya fi ci mini rai. Ana sa hannu kan ƙarin albashi a Abuja an gama, mu na ƙauye sai mu yi ta zarya watanni, yau a ce ba a turo takarda ba gobe a ce ana tantancewa, ariyas ɗin wasu har suka rasu ba su gani ba, kuma ba wani babban jami'in ƙungiya da ya tako ya tambaye mu. Wakilinmu na nan da tsohon kekensa shi ya sha rana a kanmu.

Da ya zama gwamnan Edo a 2008 kuma har ta kai shi da malamai suna ja-in-ja kan jarrabawar gwaji, abin ya taɓa ni sosai, don ban zaci haka daga gare shi ba. Duk da haka ba zan yi masa butulci ba, ƙarin nan da ya iso da shi na sa kwano a ɗakin mahaifiyata. Yayana kam masaƙarsu ta rufe ya dawo gida noman rani, har ya koma ga Allah yana jiran kuɗin sallama.