Dabbar da aka kai Ajantina don fata, ta koma cin daji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni harkar fata da ganda nake yi a nan Agege wajen mayanka. Shekaranjiya da daddare muna zaune a majalisa wani yaro ya nuna mana bidiyo a wayarsa, wata dabba ce kamar gafiya amma ta ninka ta girma, tana ta gaigayar gindin bishiya har ta faɗi ƙasa, wai sunanta biba kuma wai a Ajantina farautarta ake yi don a ga bayanta. Nan fa gardama ta kaure, wani abokinmu ya rantse ƙarya ne don shi a Facebook ya ga Turawan Ingila suna sakinta a rafi suna tafi. Wanne ne gaskiya? Sannan ni abin da ya ja hankalina fatar ce, za a iya kawo ta nan a yi kiwonta kamar zomo? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ka gaya wa abokinka ba sai ya yi kaffara ba, shi da yaron duk sun faɗi gaskiya.

Biba dangin su ɓera da gafiya ce, a ruwa take rayuwa, babba takan kai kilo 20 har ta wuce, wutsiyarta a baje kamar faifai, haƙoranta na gaba kuwa ba sa daina tsiro har ta mutu, shi ya sa kullum sai ta samu abin gaigaya. Aikinta sare itace, ta ci ɓawon, ta ja rassan cikin rafi ta liƙe da laka da duwatsu ta tare ruwa, dam sosai, sai ta gina ɗakinta a tafkin da ya taru, ƙofar ma ta ƙarƙashin ruwa yadda mai son cin namanta ba zai iske ta ba.

To abin da ya faru a Ajantina shi ne, a 1946 gwamnatinsu ta sa aka ɗauko guda 20 kacal daga Kanada aka sake su a tsibirin Tierra del Fuego, can ƙurewar kudancin Amurka ta Kudu inda sanyi yake kamar me, kusa da tafkin Fagnano. Lissafin da suka yi irin naka ne Alhaji, su hayayyafa a riƙa fiɗe fatar ana sayarwa. Kasuwar fatar ba ta taɓa kankama ba, su kuwa dabbobin ba su ji an ce a dakata ba. A Kanada akwai kyarkeci da sauran namun dajin da ke rage su, a tsibirin nan kuwa babu mai cin su ko ɗaya, ga ruwa ga itace, sai haihuwa. Kiyasin da aka fi ji yanzu sun kai wajen 100,000, sun cika ɓangaren tsibirin da ke hannun ƙasar Cile maƙwabciyar Ajantina, sun haye tsibirin Navarino, har sun yi iyo sun ƙetare mashigin Magellan sun shiga babban yankin nahiyar.

Inda abin ya fi ba ni tausayi wajen itatuwan ne. Itatuwan Kanada sun saba da ita tun kaka da kakanni, ta sare yau, baɗi ka ga kututturen ya yi tofo kamar yadda dogon yaro ke yi in an sassabe shi, kuma da yawansu ba sa damuwa don saiwarsu ta jiƙe. Na Tierra del Fuego ba haka suke ba, akwai wanda suke ce wa lenga, yakan yi shekaru ɗari ko fiye kafin ya zama bishiyar kirki, in aka sare shi da wuya ya sake tofowa, wanda kuma ba a sare ba ruwan dam ɗin ya kwanta masa a gindi ya shaƙe shi yana tsaye. In ka ga hoton wurin sai ka rantse gobara aka yi, itatuwa fari fat a bushe babu ganye tsaye cikin ruwa, wasu a kwance birjik, gindinsu a fiƙe kamar fensir. Ko bayan dabbar ta tashi ruwan ya janye ba dajin ke dawowa da wuri ba, ciyawa ce ke mamaye wurin. Ban da toshe kwalbati da cinye hanya da shanye makiyayar tumaki. A 2008 Ajantina da Cile suka sa hannu a yarjejeniyar kawar da su, har yau ana fama, don wuri ne mai tsaunuka da fadama, ka share kwari ɗaya na maƙwabta su dawo su cike.

Ingila kuwa labarin daban ne, can gidansu ne tun asali, wani jinsin ne na Turai da mafarauta suka ƙarar a ƙasar shekaru ɗaruruwa da suka wuce, shi ne aka fara maido shi, a Sikotilan da ke maƙwabtaka da ita an saki wasu a 2009. Dam ɗinsu na rage gudun ruwa lokacin ambaliya, kwaɗi da tsuntsaye su samu wuri. Duk da haka manoman can ma wasu ƙorafi suke in ruwa ya shigar musu gona, ba kowa ke tafin ba.

Mu da ke Legas ma ai ba sai mun je Ajantina ba. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwan Ikorodu ya san ciyawar nan mai fure ruwan shuni da ke rufe ruwa ruf kamar an shimfiɗa darduma, wadda Yarabawa ke ce wa gbeborun, wasu namu na kiranta kainuwa amma ba ita ba ce. Na taɓa zama cikin kwalekwale mai inji muna tsakiyar ruwa ta naɗe farfela, direba ya kashe inji ya duƙa yana cizgo ta da hannu yana tsaki, mu kuma kowa ya yi tsit yana salati a zuci. Ita ma baƙuwa ce, abin dariyar daga Amurka ta Kudu ta fito, saboda kyan furenta aka yi ta yawo da ita a duniya, ta shigo ruwanmu ta wajen Badagry a shekarun 1980.

Maganar kiwo kuwa Alhaji, ka ajiye ta. Dabbar sanyi ce, zafin Legas ba nata ba ne, kuma gashin ake nema a jikinta don rigar sanyi da hula, ba irin fatar da masu jima ke saye a wajenka ba. Sannan ba a shigo da dabba mai rai ƙasar nan sai da izinin hukuma. Kejin katako irin na zomo kuwa, wannan ai abincin darenta ka kai mata.