Ina kuɗin harajin sayarwa na Kaliforniya suke tafiya?

Malam, ka ce kana karɓar haraji a shagonka, kana son sanin ko jiha ce kaɗai ke cin kuɗin. Ba haka ba ne. Daga cikin kashi 7.25 cikin ɗari da ake karɓa a ko'ina a jihar Kaliforniya ta Amurka, kusan kashi 3.94 ne kawai ke shiga babban asusun gwamnatin jiha. Rabin kashi ɗaya yana tafiya asusun tsaron jama'a da masu zaɓe suka amince da shi a 1993, kusan kashi 1.56 kuma gundumomi ake ba wa domin lafiya, jin ƙai da gidajen yari da jiha ta ɗora musu.

Wanda ya fi damuna shi ne kashi 1 na birni ko gunduma, domin yawanci inda aka yi cinikin ne ke samunsa, ba garin mai saye ba, sauran 0.25 na sufurin gunduma ne.

Kada ka manta da ƙarin harajin da wasu yankuna suke ɗorawa a kai. Idan kana aika kaya zuwa wani gari, ka tuntuɓi hukumar harajin jihar (CDTFA) ko akanta kafin ka cike takardunka.