Hayaƙin tirela ne ko abin da ke cikin buhun?

Jiya da muna sauke siminti ka tsaya kana kallon tirelar nan tana turnuƙe layi, ka ce mini, "Maigida, ɓarnar muhalli da ake faɗa a rediyo wai masu gini na yi, hayaƙin motocin nan ake nufi?" Ban amsa maka ba saboda kwaɓi na shan iska. To yanzu saurara, yarona.

Tirela tana da nata laifin. Wadda ta taso daga Obajana a jihar Kogi ta nufo Kano sai ta ci fiye da kilomita 600, tana shan dizal tana farfasa kwalta. Amma raba hayaƙin nan a kan buhu 600 da ta ɗauko, za ka ga rabon buhu ɗaya bai taka kara ya karya ba. Babbar ɓarnar an gama ta tun kafin a rufe bakin buhun.

Siminti asalinsa dutsen farar ƙasa ne. Ana fasa shi a niƙa, a gasa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450, wutar tana cin kwal ko iskar gas dare da rana. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dutsen kansa in ya gasu sai ya saki iskar kabon mai ɗumama duniya, kuma tasa ta fi ta wutar yawa. Ko da hasken rana ka gasa shi sai ta fita. Buhun nan mai kilo 50 da kake saɓawa a kafaɗa, iskar da aka saki wajen yin sa ta wuce rabin nauyinsa. In aka haɗa masana'antun duniya, siminti kaɗai ke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Na Ashaka ne, na Kalambaina a Sakkwato, ko na Malbaza a Nijar, duk kanwar ja ce, sai dai na kusa ya rage maka tafiya.

Yashi kuwa labarinsa daban. Ba a gasa shi, kuma kuɗin da muke biya rabinsa ko fiye na mota ne da lebura. Ɓarnarsa tana rafi. Ka lura da tifar da ke zuwa mana da sassafe ruwa na tsiyaya ta bayanta? Daga cikin kogi aka kwaso shi. Je ka bakin Challawa ko Wudil da rani ka ga layin tifofi. In aka yi ta kwasa, cikin kogin sai ya yi zurfi, gaɓa ta riƙa zaftarewa. Na taɓa zuwa sayen yashi na tarar da wani dattijo tsaye a bakin fadamarsa, kunya uku na albasa sun rufta cikin ruwa a dare ɗaya. Bai ce mini komai ba, ni ma na rasa ta cewa, don motata na cikin layin.

Na san za ka ce to a koma ginin ƙasa mana. Ina son ginin ƙasa, da shi aka yaye ni. Tubali rana ke busar da shi, jaki ke kawo ƙasarsa daga bayan gari, in gidan ya faɗi ma a sake kwaɓa ta. Katanga mai kauri tana riƙe sanyi, ba kamar bulo da kwano ba da sai an kunna fanka, in babu wuta a tayar da janareta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830, bakansa na ƙasa suna nan har yau. Sai dai ginin ƙasar ma ba waliyyi ba ne. Kududdufan cikin birnin Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, suka zama matattarar ruwa da sauro. Azara kuma giginya ake sarewa, itacen da sai ya shekara gommai kafin ya isa sara. Jan bulo na gashi, shi kuma itace yake ci kamar ba gobe.

Shi ya sa in mai gida ya ba ni zaɓi, harsashi nake yi da dutse da siminti inda ruwa ke taɓawa, sama kuma bulon ƙasa na matsi mai ɗan siminti kaɗan. Da yawa ba sa yarda, wai kada a ce talauci ne.

Ni da kai ba mu da iko da tanderun Obajana, amma abin da ya shigo hannunmu namu ne. Ina kamarka na jibge buhu 20 a ƙasa tsirara a tsakiyar damina, na ce rumfa ta isa. Bayan mako uku muka ɗaga na ƙasan, sun daskare, shatin takarda a jikinsu, guduma ma tsalle take yi a kai. An fasa dutse an ƙona kwal an yi tafiyar kwanaki, ƙarshenta ciko muka yi da su. Maigidana bai dake ni ba, da ya daka da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka gobe kafin mu fara, ka jera katako ƙarƙashin buhunan nan ka janye su daga jikin bango. Fasassun bulon da ke bayan ɗaki kada a zubar, za su shiga cikon daɓe. Kuma in an yi la'asar, kar ka ƙara fasa buhu sai ka tambaye ni.