Shin in kwashe kuɗina daga banki kafin irin ta 1929 ta faɗo mana?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Kwanan nan ana yawo da wani saƙon murya a WhatsApp, mai maganar na cewa abin da ya sami Amurka a 1929 shi zai same mu: wai kasuwar hannun jari ta faɗi rana ɗaya, jama'a suka wayi gari bankuna sun tafi da kuɗinsu, don haka kowa ya kwashe nasa ya ajiye a gida. Jarina kaf yana banki, barci ma ya ƙaurace min. Me ya faru da gaske a can?

Amsa: Alhaji, Allah ya kwantar da hankali. Saƙon nan mutum huɗu suka turo min a mako guda, kuma mai shi ya haɗa gaskiya da shaci-faɗi ne ya dama.

Faɗuwar gaskiya ce. Shekarun 1920 Amurka ta ga wadata, motoci da rediyo ana ɗaukar su bashi a biya da kaɗan-kaɗan, hannun jari kuma mutum ya ba da kashi 10 cikin 100, dillali ya ranta masa sauran. Ma'aunin farashin hannun jari na Dow Jones ya kai 381 a Satumbar 1929, ya rikito a ranakun 24 da 29 ga Oktoba, ya yi ta gangarawa har 41 a Yulin 1932. Amma masu hannun jari tsiraru ne. Mafi yawan manoman Kansas da leburorin Detroit ba su da ko ɗaya.

Abin da ya kai talaka ƙasa mutuwar bankuna ce, kuma sai bayan shekara guda ta soma gadan-gadan. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna kusan 9,000 suka rufe. Ka san banki ba ya tara ajiyarka a ɗaki ya sa kwaɗo; yana ranta mafi yawanta, ya riƙe kaɗan na masu zuwa cira. To ranar da kowa ya zo lokaci guda, ko lafiyayyen banki sai ya durƙusa. A Disambar 1930 jita-jita ta tara dubban mutane a ƙofar wani reshen Bank of United States a unguwar Bronx ta New York, suna layi cikin sanyi riƙe da littattafan ajiyarsu. Washegari aka rufe bankin, da masu ajiya sama da 400,000. Da ma yana da rauninsa, amma layin ne ya ƙarasa shi. Kowane banki da ya ga haka sai ya ƙanƙame kuɗinsa ya daina ba da rance, masana'anta ta rasa na biyan albashi, ta sallami ma'aikata, su kuma suka kasa biyan bashi. A 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki.

Nan ne nake jin haushin masu irin wannan saƙo. Shawarar da yake ba ka, ita ce ainihin abin da ya hura wutar da yake tsoratar da kai da ita. Ya karanta rabin labari ya ɗauki waya, ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin wane banki, sai "wani na ciki ya gaya min". Ba zan ɓoye maka ba, wanda ya riga cira a 1931 ya tsira da nasa, domin a lokacin babu mai tsaya wa ajiya. Babban bankinsu ma hannu ya naɗe, har ya ƙara kuɗin ruwa a Oktobar 1931 don kare zinarin da ke tsaya wa dala, kuɗin da ke yawo a ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sakacin hukuma ne ya mayar da tsoro annoba.

Ga rabin da bai karanta ba. Shugaban Amurka Roosevelt ya hau mulki 4 ga Maris 1933, ranar 6 ya rufe bankunan ƙasar duka don a binciki littattafansu. Daren 12 ga wata ya shiga rediyo ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla, ya ce kuɗi ya fi tsira a bankin da aka sake buɗewa da a ƙarƙashin katifa. Da aka buɗe ranar 13, layin masu mayar da kuɗi aka gani. A shekarar aka kafa hukumar inshorar ajiya, FDIC, ta fara tsaya wa dala 2,500 na kowane mai ajiya daga Janairun 1934. A duk shekarar 1934, bankuna tara kacal masu inshorar suka mutu. Sauran gyare-gyarensa, hukumar sa ido kan hannun jari ta 1934 da fanshon tsofaffi na 1935, ba su kawar da rashin aiki ba, ya ma sake tashi a 1937, amma rububin ƙofar banki ya kau.

Mu ma muna da irin wannan hukumar inshorar ajiya, NDIC, tun 1988, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take tsayawa a bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5. Biyan kan ɗauki lokaci, da cike-ciken takardu masu sa mutum ya gaji, wannan kam ba na kare su. In jarinka ya wuce miliyan 5 ɗin, raba shi banki biyu ko uku, ka tabbatar sunanka da BVN ɗinka daidai suke a kowanne. Buhun kuɗi a bayan dilar atamfa kuwa, Alhaji, kai ka fi ni sanin abin da gobarar dare take yi a kasuwa.