Agwaluma: kalmar Hausa ce ko baƙuwa?

Wata 'yar'uwa daga Funtuwa ta turo tambaya, wai sun yi gardama da mijinta, shi ya dage agwaluma Hausa ce tsantsa ita kuma ta ce ba ta yarda ba.

Malama ke ce da gaskiya, sai dai ki bi maigida a hankali don kunnensa bai yaudare shi ba, kalmar ta zauna daram a bakinmu har ba a jin baƙuntarta. Daga Yarbanci muka aro ta, su agbalumo suke cewa, Ibo na ce mata udara, a Gana kuma za ki ji alasa. Itacen na kurmi ne, sai inda ruwan sama ke da yawa, shi ya sa mu a tire kawai muke ganinta in hunturu ya kama, daga wajen Disamba zuwa Afrilu.

Abin da ke burge ni shi ne yadda harshen Bahaushe ya sarrafa ta. Ba mu da sautin "gb" ɗin nan, to sau da yawa in muka ci karo da shi sai mu mai da shi "gw", kamar yadda Gbari ya koma Gwari. Ɗan'uwansa "kp" kuma ya zama "kw", apoti na Yarabawa shi ne akwatinmu, paali shi ne kwali, don su "p" ɗinsu "kp" suke furta shi. Sannan muka sa mata "a" a ƙarshe ta zama mace, agwaluma ce, ta nuna, ta yi tsami. Kuma tsotsa muke cewa ko sha, a matsa ta ruwan ya fito fari-fari mai danƙo yana manne leɓe, a tsotse ƙwallayen nan da ba sa wuce biyar, yara su yi ta tauna naman har ya koma cingam. Wasu yanzu har lemo suke yi da ita.

Wani ɗalibi kuma ya tambayi ma'anar "kanya ta nuna biri ya karye". Ɗana, biri ya shekara yana jiran kanya, ranar da ta nuna ƙafa ta karye ba halin hawa. Ana faɗa wa wanda abin da ya daɗe yana nema ya zo daidai lokacin da ba zai iya mora ba, kamar mai son agwaluma da ta shigo kasuwa haƙori na masa ciwo.